Ranar da Mama Ta Ɗanɗana Ruwan Kifina

Na yi shekara ashirin da biyu ina aikin sojan ruwa, na ga abubuwan da za su ishi mutum hira har tsufansa, amma yawancinsu sun fara gogewa a kaina. Wanda ya ƙi gogewa, wanda na san da shi za a rufe ni, a gidanmu na Zuru ya faru, kuma a kan kifi ne guda ɗaya tak, da bai fi tafin hannuna girma ba. Duk ranar da na tuna sai na yi dariya, daga baya kuma kunya ta rufe ni.

Wanda ya san Zuru ya san da wuya ka shiga gida ba ka ga hoton wani da kaki a bango ba. Sai dai yawancin mutanenmu sojan ƙasa ne. Ni ne na fita zakka na shiga na ruwa, har yau abokaina suna tsokanata, wai ɗan kan dutse da ko rafi bai iya haurawa ba ya je gadin teku. A Legas na yi aiki a ƙarƙashin wani babban hafsa, wanda zan kira Oga, don har gobe haka nake kiransa. Ranar farko da aka aike ni gidansa da takarda, na tarar da wani ƙaton tankin gilashi a falonsa, cike da ruwan gishiri da duwatsu da kifaye masu launin da ban taɓa zaton akwai a duniya ba. Na ƙame da takardar a hannu, sai da ya yi gyaran murya sau biyu na tuna abin da ya kawo ni. Daga ranar, duk hutun da na samu a gidansa nake yi, ina ɗaukar bokiti, ina goge gilashi. Shi yake faɗa, ni nake yi, kuma ban taɓa ce masa don me ba.

Da na yi ritaya, Oga ya sallame ni da tanki nawa na kaina da duk kayansa, har da wasu ƙananan kifaye biyu masu ruwan lemo da ratsin fari. Na kafa shi a falo, na haɗa masa sola saboda halin wutarmu. Cikin kayan akwai wani ɗan inji da ke ƙara wa tankin ruwa da kansa daga wata jarka da ke ɓoye a ƙasa. Oga ya ce in riƙa cika jarkar da tataccen ruwa zalla, irin wanda nake saye a wurin masu yin ruwan leda, sai nake cikawa. Maƙwabta suka riƙa zuwa kallo. Tambayar kowa ɗaya ce, ana ci? In ce a'a. Ana sayarwa? In ce a'a. Sai a kalle ni da tausayi, a ce Allah ya kyauta.

Mahaifiyata, wadda muke kira Mama, tare muke zaune. Matar soja ce ita ma, ta yi shekara talatin tana sayar da tuwo da miya a bariki kafin babanmu ya rasu. Ba ta taɓa zagin kifayena ba, amma ta raɗa wa tankin suna talabijin na ruwa, kuma takan ce ita ba ta ga abin kallo a tashar da ba a labarai ba.

Wata rana Oga ya kira ni ya ce shi ma ya ajiye aiki, zai koma ƙasar waje wurin 'yarsa, yana rabar da kifayensa. Sai ya ce akwai guda ɗaya da ba zai iya bai wa kowa ba sai ni. Nan take na san wanda yake nufi, wani rawaya ne jawur, faffaɗa, mai ɗan dogon baki, wanda ya raina shekara goma sha ɗaya. Kifin nan ya san takun Oga, in ya shigo falo sai ya taso gaban gilashi. Ban san lokacin da na miƙe tsaye na sara wa waya ba. Matata da ke gefe tana gyaran wake ta zaci kuɗin fansho ne suka fito, da na gaya mata kifi ne ta koma kan wakenta.

Amma Oga ya kafa sharaɗi. Ya ce kifin ba zai shiga babban tankina ba sai ya yi kwana talatin a killace, shi kaɗai, a tanki na daban. Ya ce kifi kan ɓoye cuta a jikinsa, wahalar tafiya ce ke fito da ita, musamman wata mai sa fararen ɗigo a fata. In ta fito a ƙaramin tanki, magani ne mai sauƙi. In ta fito a babba, ta kama kifayena biyu, ta shiga yashi da duwatsu, shi ke nan. Sannan ya turo mini umarni guda goma a waya. Na kwafe su a takarda da manyan baƙaƙe, na manna a bangon ɗan sitonmu, inda na kwashe buhunan dawa na mayar da shi asibitin kifi.

Mako uku na yi ina shiri, kuma ban taɓa jin daɗin wani aiki kamar wannan ba. Tankin killacewa ba a yi masa ado, babu yashi, babu dutse, gilashi ne zalla don a ga duk abin da kifi ya kasayar. Na je wurin masu kayan famfo na sa aka yanka mini guntayen bututun roba masu faɗi, don ya sami wurin ɓuya. Na jiƙa wani soso a babban tanki tsawon makonnin nan, saboda a cewar Oga akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani da ke kama gida a cikin soson, su ne ke cinye dattin ruwa. Na sayi sabon bokiti da sabuwar raga, na naɗa musu jan salatif, na shelanta wa duk gidan cewa abin da ya taɓa ruwan sito ba zai taɓa ruwan falo ba, ko da hannun mutum ne. Gishirin kuwa na musamman ne, daga Legas ake kawo shi. Mama ta ga ina lallaɓa shi, ta ce in ya ƙare akwai nata a kicin. Na yi mata dariya, na ce wannan harkar ba ta miya ba ce.

Umarni na huɗu shi ne na fi riƙewa. Ga abin da ya ce: duk ruwan da zai shiga tankin nan, a haɗa shi da gishiri, a auna, sai allura ta tsaya a kan jan layi. Ma'aunin wani ɗan akwatin roba ne, a ɗebi ruwa a ciki, allurarsa ta ɗaga ta nuna yawan gishirin. Na iya shi har ina yi ina fito.

Da kaina na je Legas na ɗauko kifin. Oga ya sa shi a leda mai kauri, rabi ruwa rabi iska, ya saka a cikin kula, ya miƙo mini da hannu biyu. Bai yi dogon jawabi ba, ya ce kawai in riƙa turo masa hoton bidiyo kowace safiya. Na sayi kujera biyu a mota amma a cinyata kular ta zauna tun daga Legas. Duk ramin da direba ya faɗa sai na ji kamar a cikina ne, har muka yi cacar baki da shi wajen Mokwa. A wani shinge bayan Kontagora wani jami'i ya dage sai na buɗe. Ya leƙa, ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni ko guda ɗayan nan zai ishe ni farfesu. Da muka shigo Zuru da yamma, na buɗe kular na ga kifin yana motsa fiffikensa, sai da na yi ƙwalla don murna.

Ban juye shi kai tsaye ba. Na sa shi a bokiti da ruwan da ya zo da shi, na riƙa ɗiga masa ruwan tankin a hankali fiye da awa guda, kafin na sake shi. Ya yi wuf ya shige bututu. Kafin wannan lokacin labari ya zagaye unguwa, mutane sun cika ƙofar sito, na ce ta taga kawai za a leƙa, ɗaya bayan ɗaya. Mama ta tambayi dalilin da za a kulle baƙo a sito alhali ga 'yan'uwansa a falo. Na ce killace shi aka yi. Ta ce, "To, shi ma korona gare shi?" Kowa ya fashe da dariya, ni kaɗai ne ban yi ba.

Kwana biyu bai ci komai ba. A na uku na maƙala masa abincinsa a jikin gilashi, wani busasshen ganyen teku ne siriri kamar takarda, na koma bakin ƙofa na laɓe. Sai ga shi ya fito, ya zagaya sau biyu, ya kai baki ya yaga. Na ɗauki bidiyon, na tura wa Oga, na kira ƙanena da ke Mahuta na gaya masa, na kira wani abokina a Danko wanda ko sanin ina da kifi bai yi ba. Ranar ko gaisuwa aka yi mini, amsar da nake bayarwa ita ce ya ci abinci.

Sai zafi ya sako kai. Lokacin bazara ne, irin wanda ko ƙadangare ke neman inuwa, ga sito rufin kwano. Babban tankin falo yana da injin sanyaya ruwa, ƙaramin ba shi da. Ma'aunin zafi ya riƙa hawa, ni kuma ina zagaye ɗaki ina zufa. Mama ce ta leƙo ta ce in naɗe tankin da jiƙaƙƙen buhun algarara, yadda take yi wa randarta. Na ɗan yi jim, don ba ya cikin umarni goma, amma na gwada, na kuma kafa ƙaramar fanka tana hura saman ruwan. Kafin la'asar zafi ya sauka. Na kira Oga na ba shi labari, ya yaba mini ƙwarai, ni kuma na karɓi yabon gaba ɗaya ban ambaci mai dabarar ba. Daga ranar Mama ta ɗauki aikin jiƙa buhunan, kullum da tsakar rana.

Abin da na lura da shi bayan haka shi ne ruwan tankin yana raguwa, kullum kamar faɗin yatsa biyu. Fanka da zafi suna shanye shi. Ban damu ba, ai ina da umarni na huɗu. Kowace safiya sai in haɗa ruwa da gishiri a jan bokiti, in auna, allura ta tsaya cak a kan jan layi, in cika tanki, in yi alama a takarda. Ina yi ina jin kaina, ina cewa a raina da duk ma'aikatan ƙasar nan haka suke bin ƙa'ida da mun wuce nan.

A kwana na goma kifin ya kalli ganyensa ya wuce. A na sha ɗaya bai fito daga bututu ba sai da na ɗaga shi, na ga launinsa ya koɗe, kumatunsa suna buɗewa da rufewa da sauri kamar wanda ya yi gudu. Na haska shi da tocila ta kowane gefe ina neman fararen ɗigon nan, ban ga ko ɗaya ba. Na kira Oga, waya a kashe, ashe yana Abuja wajen neman takardun tafiya. Safiyar nan ban tura bidiyo ba, karo na farko. Na zauna a kan buhu ina tunanin mutumin da ya riƙe dabba shekara goma sha ɗaya lafiya lau, ya ba ni, ban cika mako biyu ba zan kira shi in ce ta mutu. Tsoro ya kama ni irin wanda ban ji ba ko a tsakiyar teku.

A kwana na sha biyu da rana na tarar da shi ya jingina da gilashi, ya karkata gefe guda. Na yanke cewa cuta ce da ba ta nuna kanta ba. Akwai wani magani mai ƙarfi da Oga ya ba ni, shuɗi, a 'yar kwalba, ya ce kada in taɓa shi sai na ga ɗigo da idona, don shi kansa maganin yana wahalar da kifi. Na ɗauko kwalbar, na buɗe, ina ƙirga yawan da zan ɗiga.

Daidai nan Mama ta shigo da jiƙaƙƙen buhu. Ta cire na jiya, ta tsaya tana kallon wani farin gari da ya bushe a bakin gilashin da gefen fanka. Ta murza shi da yatsa. Kafin in ankara ta tsoma yatsan a cikin tanki ta kai bakinta.

Ban san daga ina muryar ta fito ba. Na daka mata tsawa irin wadda nake yi wa sababbin kurata a filin fareti. Na ce wa ya ce ta taɓa, ba ta ga takarda a bango ba, ta fita ta bar mini abin da ba ta sani ba. Matata ta rugo daga kicin ta tsaya a ƙofa, hannunta a baki. A gidanmu ko babanmu bai taɓa ɗaga wa Mama murya haka ba.

Mama ba ta fita ba, ba ta kuma kalle ni ba. Ta juya wajen matata ta ce ta ɗauki ludayi mai tsabta, wanda bai shigo ɗakin nan ba, ta ɗebo mata ruwan babban tanki. Ashe duk dokokin da nake shelantawa tana ji. Matata ta kawo. Mama ta kurɓa kaɗan, ta juya shi a baki, ta tofar a ƙasa. Sannan ta ɗago.

"Wanga ruwa ba ɗaya ba ne da na falo," in ji ta. "Gishiri ya yi mashi yawa. Mi kaka zuba mashi kullum?"

Na ce ruwan gishiri mana, kifin teku ne, kuma kullum sai na auna.

"Ina kaka aunawa?"

Na nuna mata jan bokiti.

"To ai ba cikin bokiti kifin yake zaune ba."

Na so in yi gardama, amma gaskiyarta ce. Duk kwanakin nan ina auna ruwan da zan zuba, ban taɓa auna wanda ke cikin tankin ba ko sau ɗaya, saboda takarda ba ta ce in yi ba. Na ajiye kwalbar, na ɗauki ma'auni na tsoma a tanki. Allura ta wuce jan layi, ta wuce duk lambobin, ta je ta bugi saman akwatin ta tsaya.

Mama ta ja 'yar kujera ta zauna. Ta ce, "In ka bar miya bisa wuta ta tsotse, ruwa na tafiya, gishiri shina nan. Mai hankali ruwa yaka ƙara mata. Kai kuma kullum sai ka ƙara ruwa ka ƙara gishiri. Ko ni anka sa cikin wanga ruwa sai na kwanta."

Sai a lokacin jarkar da ke ƙarƙashin babban tanki ta faɗo mini a rai. Wata da watanni ina cika ta da ruwa zalla, injin yana ƙara wa tankin, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina me ya sa ba a sa mata gishiri ba. Umarni na huɗu kuwa, kamar yadda na gane daga baya, na ranar da za a kwashe tsohon ruwa a sa sabo ne, ba na cike gurbin wanda ya bi iska ba. Amsar tana cikin falona tun farko, ina wuce ta kullum.

Murna da haushin kaina suka haɗu suka ruɗa ni. Na suri jarkar tataccen ruwa zan juye ta gaba ɗaya. Mama ta ɗaga hannu ta ce in tsaya, wanda ya galabaita ba a yi masa komai da gaggawa. Ta sa matata ta kawo kofi. Aka ɗebe kaɗan daga tanki, aka zuba kofi biyu na ruwa zalla, aka jira. Haka muka wuni, ita tana zaune tana ba da izini, ni ina zubawa ina aunawa, wannan karon a cikin tankin. Babu wanda ya ta da maganar tsawa. Wajen la'asar allura ta saki saman akwati ta fara saukowa, na yi tsalle har na bugi fanka.

Kafin magariba Oga ya kunna waya ya ga kirana goma sha. Na gaya masa komai, wannan karon har da wadda ta kawo dabarar buhu. Ya ce mu ci gaba yadda muke yi, a hankali, cikin kwana biyu. Da na ambaci shuɗin magani sai ya tambaya ko na ɗiga. Na ce saura kaɗan. Ya ce da na ɗiga wa kifin da ke cikin wannan halin, da wuya ya kai safiya. Ya ƙara da cewa laifin nasa ne, ya rubuta mini abin da zan yi bai rubuta dalili ba, shi kuma ya san irin sojan da ya horar.

Washegari kifin ya miƙe daidai, amma bai ci ba. Ranar da ta biyo baya da sassafe allura ta dawo kan jan layi. Na maƙala ganye, na koma ƙofa, Mama na bayana da addu'arta ta kullum a baki, tana yi da yarenmu ƙasa-ƙasa. Kifin ya leƙo. Ya fito. Ya tsaya gaban ganyen kamar mai shawara, sannan ya yaga, ya sake yaga, ya kama ci ba ƙaƙƙautawa. Na fita tsakar gida da singileti ina ihu ya ci, ya ci, har maƙwabcinmu ya leƙo ta katanga ya tambaya wace ƙungiya ce ta ci. Na kama matata muka yi rawa, ita da ta ce ba ruwanta da kifi.

Oga ya ce a ƙara masa mako biyu a kan talatin ɗin don ya murmure sosai. Ɗigo bai taɓa fitowa ba. Launinsa ya dawo, har ya fara tasowa gaban gilashi in an buɗe ƙofa, sai dai na lura ya fi tasowa da tsakar rana, lokacin da mai buhu ke shigowa. Ranar da za a mayar da shi falo, 'yan'uwa suka zo har daga Dabai, falo ya cika, yara a gaba manya a baya. Na jingina waya Oga yana kallo, saura kwana uku ya tashi. Da na saki kifin ya shiga tsakanin duwatsu, ƙananan biyun suka fito suna zagaya shi, falo ya kaure da tafi. Oga ya share ido, ya ce a miƙa wa Mama waya. Mutumin da na yi shekaru ina sara wa ya miƙe tsaye ya sara wa mahaifiyata, ya ce da bai san wa zai bar wa kifinsa ba, yanzu ya sani. Mama ta ce ba komai, ya gaida 'yar tasa.

Bayan baƙi sun watse, ina ta ba da labarin yadda muka ceci kifi, matata ta ja ni gefe. Ta ce ta ga na roƙi Oga gafara, har kifi ta ji ina ba shi haƙuri, amma akwai wadda na yi wa tsawa wata guda da ya wuce ba ta ji na ce mata komai ba. Na sami Mama a ƙofar ɗakinta tana tsince zogale, na durƙusa, ƙato da ni da furfura, na ce ta yafe mini.

Ta ci gaba da tsinkar ganyenta na ɗan lokaci. Sannan ta ce ta yafe tun ranar, ta san tsoro ne ya yi tsawar. Ta ce, "Shekara ashirin da biyu kana bin umarni, ka dawo mani da ranka, ban ga laifin umarni ba. Amma nan gida ne. Nan, in ba ka gane abu ba, tambaya aka yi."

Yau shekara huɗu ke nan, kifin yana nan da ransa, kuma duk sabon da zai shigo gidana sai ya yi zamansa a sito tukuna. Abin da na koya shi ne, ana iya bin ƙa'ida sau da ƙafa a kashe abin da aka sa ƙa'idar don a raya shi, in ba a san dalilinta ba. Na kuma koyi cewa sanin da na je har Legas ina nema, wani ɓangarensa yana zaune a gidanmu yana jiƙa mini buhu, kuma ranar da ya buɗe baki zai cece ni, tsawa na fara yi masa.